Bene mai hawa 3 a lungunmu, ina za mu kai ƙorafi?

Salam jama'a, don Allah masana harkar filaye ku taimaka. Wani ya sayi kangon da ke jikin gidanmu a nan Kano yana tada bene hawa 3, wai gidajen haya. Tagogin baya duk tsakar gidanmu suke kallo, yanzu haka iyalina ko wanki ba sa iya yi a sake saboda leburori suna sama, kuma ya ci kwatar lungun da fandishonsa, ruwan sama na farko da aka yi sai da ya shigo mana har zaure ya jiƙa buhunan masara.

Mun je wajen mai unguwa, ya kira shi sau 2 bai zo ba. Mu 14 muka sa hannu a takarda muka kai ƙaramar hukuma, suka ce ba hurumin su ba ne, tunda a dokar filaye ta 1978 filin cikin birni a hannun gwamna yake. Muka kai ofishin masu ba da izinin gini, aka zo aka shafa jan fenti a bango, aiki ya tsaya sati ɗaya tak, sai ga shi sun dawo har an zuba dakin na biyu, mai ginin yana cewa yana da afrubal, wato takardar izinin gini. Mun nemi ganin fulan ɗin an hana mu, wallahi abin ya ishe ni.

Tambayata: mu maƙwabta za mu iya zuwa kotu kai tsaye a dakatar da ginin kafin a duba izinin nasa?