Berlina da Estirin: gwaninta ce ko sa'a?

Bello Jega: Jama'a, wasan cas (darar Turawa) ɗin nan na Estirin da Berlina da kuke ta yabo, na gasar duniya ta wasiƙa (inda ake aika kowane taku ta wasiƙa) da aka fara a 1965, ni fa ban ga abin koyo ba. Sa'a Berlina ya ci. Da Estirin, mai riƙe da fararen kaya, ya taka 12.Qe2 (ya kai sarauniya e2 a taku na 12) maimakon 12.Bxb5+ (cin soja a b5 da bishof), sarkinsa ya samu mafaka a d1, da harin ya mutu murus.

Malam Sani Argungu: Bello, a hankali. Ka san waye Estirin? Salon buɗe wasan da suka taka, wanda ake kira na dawakai biyu, gonarsa ce, har littafi ya rubuta a kai, kuma daga baya shi ma ya ci kofin duniya na wasiƙa. Mutum yana da kwanaki yana juya allo a ɗaki, bai hango ba, kai ka hango daga waya?

Bello Jega: Allah ya gafarta Malam, ban ce ni na hango ba. Amma gaskiya ɗaya ce ko daga bakin wa ta fito.

Malam Sani Argungu: To jera shi da hannu ka gani. Jiya bayan isha'i na shimfiɗa allo a tabarma. Bayan 5...b5, Estirin ya mai da bishof gida f1, kamar wanda ya fasa tafiya. Sai taku na 10: dokin Berlina a d4 yana bakin ci, bishof a g4 shi ma haka, ya bar su duka ya tura soja e4. Shayina har ya huce ina kallon wurin nan.

Ladi Zuru: Baba Malam, ni abin da ya fi burge ni ƙarshen ne. Duk wannan wuta, amma da ruk da sojoji ya gama cin wasan. Ko a darar gidanmu, mai gaggawar ci ba ya kai nan.

Bello Jega: Yaya Ladi, yanzu ICCF, hukumar cas ta wasiƙa ta duniya, ta yarda a yi amfani da kwamfuta. Wa zai taka 10...e4 yau?

Ladi Zuru: Shi ya sa manyan wasanninsu kusan duk canjaras ne.

Malam Sani Argungu: Bello, zo mu gwada. Ka riƙe fari daga 12.Qe2, taku ɗaya kullum, ba waya.

Bello Jega: Na yarda, Malam. Amma waye alƙali?

Ladi Zuru: Ni. Wanda aka ci zai kawo kifin Argungu.