Ɗakin Hutawa a Inuwar Bishiya: Abin da Aka Tsayar

Na tattaro shawarwarin da aka bayar kan gina ɗaki a saman bishiya a gonakinmu na Kano da Jigawa.

1. Kusan kowa ya yarda kada a ɗora wa bishiya nauyin ɗakin. A kafa ginshiƙai a ƙasa, ɗakin ya zagaye kututturen, a bar masa sarari saboda yana ƙara kauri.

2. Azarar giginya aka fi yabo, don gara ba ta cinta da sauƙi. Wasu suka ce a ɗora ginshiƙan a kan duwatsu kamar rumbu.

3. Wajen zaɓen bishiyar da ɗakin zai zagaye, tsamiya da maɗaci sun samu karɓuwa. Kuka kuwa cikinta laushi ne, ba ta riƙe ƙusa.

4. A kan batun rufi aka rabu. Masu son jinka da zana suka ce sanyi, masu kwano suka tuna gobarar hunturu. Ni dai jinka na zaɓa, zafin kwano a Afrilu ba wasa ba.

5. A sare busassun rassa kafin iskar farkon damina.

6. Dattawa sun jaddada cewa taga kada ta leƙa gidan maƙwabta, mutuncin iyalinsu ne.