Shin tarin fuka yana kama mahaifa har ya hana haihuwa?

Yayar Amarya, unguwar Zariya, Maradi:

Assalamu alaikum. Ina neman ƙarin haske daga waɗanda Allah ya ba sanin aikin lafiya game da ƙanwata, wadda ta shekara shida a ɗakin miji ba ta taɓa ko ɓatan wata ba. Jinin al'adarta ya yi ta raguwa har ya ɗauke, ga yawan ciwon mara, sai tsofaffin gida suka ce ciki ne ya kwanta, wasu suka ce sanyi ne, aka yi ta ɗirka mata jiƙo da sassaƙe. Da muka kai ta wurin likitan mata, ya ɗebi ƴar tsoka daga cikin mahaifa aka auna, sakamako ya nuna tarin fuka. Abin da ya ɗaure mana kai shi ne ba ta tari, ba ta kakin jini, ba ta kuma rame ba. Yaya ciwon ƙirji zai koma mahaifa? In ta sha magani, za a iya sa rai da haihuwa? Tun da labarin ya fita uwar mijinta ta ware mata kwano da moɗa, abin yana ci mata rai ƙwarai.

Ungozoma daga Tasawa:

Wa alaikumus salam, ƴar uwa. Allah ya ba ta lafiya. Abin da likitan ya faɗa sananne ne a aikinmu, sunan ciwon ne kawai yake ruɗa mutane, domin an saba jin kalmar tari a cikinsa. Ƙwayar cutar, wadda Robert Koch na ƙasar Jamus ya gano a 1882, tana shiga jiki ta numfashi ta sauka a huhu, amma daga nan jini yana iya kwashe ta ya kai ta ƙashin baya, ko ƙoda, ko kaluluwar wuya, ko gaɓoɓin haihuwa. Sau da yawa tun yarinya tana budurwa abin yake faruwa, huhun ya warke ba tare da kowa ya lura ba, ƙwayar kuma ta kwanta shekaru tana ɓarna a ɓoye.

Wurin da ta fi kamawa shi ne hanyoyin nan biyu da ƙwai yake bi daga ma'ajiyarsa zuwa mahaifa. Kusan duk wadda ciwon ya sama a wannan sashe sai ya taɓa su, kuma yawanci duka biyun yake kamawa, su kumbura, su yi tabo, su toshe, ta yadda ƙwai da maniyyi ba za su haɗu ba. Daga can yakan gangaro ya cinye shimfiɗar cikin mahaifa, wadda ita ce take zubowa duk wata a matsayin haila, ita ce kuma ciki yake kamawa ya zauna. In ta lalace, bangon mahaifa yakan manne da juna, shi ya sa jinin ƙanwarki ya ragu har ya ɗauke. Abin da ke ƙona mini rai shi ne irin waɗannan matan sukan zo mana bayan sun ɓata shekaru ana jiran kwantaccen ciki ya tashi, alhali a lokacin ne tabon yake ƙara kauri.

Batun haihuwa kuwa, ba zan ɓoye miki ba: magani yana kashe ƙwayar cutar, amma ba ya goge tabon da ta riga ta yi. Wadda aka gano da wuri tana iya ɗaukar ciki, wadda hanyoyinta suka toshe kuwa sai dai a haɗa ƙwai da maniyyi a ɗakin gwaji a dasa mata, shi ma in shimfiɗar mahaifar tana da sauran lafiya. Bayan ta gama magani likita zai yi hoton da ake ɗura ruwa a mahaifa, a ga ko hanya a buɗe take.

Ma'aikacin jinya, Madarunfa:

Hajiya ungozoma ta yi bayani mai gamsarwa, ni kan magani zan ƙara. Wata shida ake sha, kamar na tarin huhu: wata biyu na farko haɗin magunguna huɗu, wato rifamfisin, isoniyazid, firazinamid da etambutol, sannan wata huɗu na rifamfisin da isoniyazid kaɗai. A Nijar kyauta ake ba da shi a cibiyoyin kula da tarin fuka. Fitsarinta zai koma ja-ja kamar ruwan goro, kada ta tsorata, aikin rifamfisin ne. Amma in idonta ya yi rawaya, ko amai ya matsa mata, ko ganinta ya dushe, ta koma likita a ranar. Kada ta kuskura ta tsaya don ta ji sauƙi, domin ta haka ake samun tarin da ba ya jin magani, wanda jinyarsa ta fi wahala. Za a kuma yi mata hoton ƙirji, awon kaki da na ƙanjamau, wannan ƙa'ida ce ga kowa, ba zargi ba ne.

Ware kwano ba shi da tushe. Ta iska ake ɗaukar ciwon, daga mai tarin huhu, kuma in huhunta lafiya lau yake ba ta yaɗa shi ga mutanen gida.

Baban Yara, Dakwaro:

Allah ya saka muku da alheri. Mu da muke cikin makiyaya ya kamata mu sani cewa shanu ma suna da irin tasu ƙwayar, kuma tana shiga mutum ta madarar da ba a tafasa ba, don haka a tafasa kafin a kwantar da nono. Shi ma maigidan ya daure ya je a auna maniyyinsa, domin ciwon yana kama marainan namiji, kuma bai dace mace kaɗai ta ɗauki nauyin neman dalili ba.

Yayar Amarya:

Na gode ƙwarai, zan karanta wa mijinta da mahaifiyarsa wannan bayani. Tana iya neman ciki tun tana kan shan maganin?

Ungozoma daga Tasawa:

Gara ta dakata har ta kammala, likita ya sake duba ta. In Allah ya kawo rabo daga baya, da zarar ta ga ɓatan wata ta je a yi mata hoton ciki, domin hanyar da ta yi tabo tana iya riƙe cikin ya zauna a wajen mahaifa, kuma in ya fashe jini yakan zuba a cikin ciki. Ciwon mara mai tsanani a gefe guda, ko jiri, ko ɗigon jini a farkon ciki, ko da tsakar dare ne a nemi mota a kai ta asibiti.