Asfirin ɗin Baba: a ci gaba ko a daina?

Assalamu alaikum. Likitoci da masu ilimin magunguna, don Allah ku taimaka mana da shawara.

Mahaifinmu shekararsa 67, yana da hawan jini, amma bai taɓa samun bugun zuciya ko shanyewar ɓarin jiki ba. An daɗe da ɗora shi kan asfirin mai 75mg kullum, haɗe da amlodipine, maganin hawan jini. Kwanan baya wani likita ya ce a dakatar da asfirin ɗin, domin a 2022 kwamitin rigakafin cututtuka na Amurka ya ce kada a fara bai wa masu shekara 60 zuwa sama asfirin don rigakafi kawai, saboda haɗarin zubar jini a ciki. Likitansa na farko kuwa ya ce wannan shawara ta waɗanda ba su fara sha ba ce.

Abin da ya fi tayar min da hankali, Baba yana da gyambon ciki, kuma idan gwiwa ta matsa masa sai ya aika a sayo masa diclofenac, maganin rage ciwo, a kemis. Shi kuma ya kafe, wai asfirin ne ke tsinka masa jini.

Ana iya yanke asfirin ɗin lokaci guda, ko sai a hankali? Wane gwaji ya kamata mu nema kafin mu koma asibiti?