Waƙa na jiran fita, jiki bai gama dawowa ba: ya kuka yi?

Ɗan Amshi: Salamu alaikum 'yan uwa. Na shiga wata na uku ina shan maganin tarin fuka. Alhamdulillahi tari ya lafa, abinci yana shiga, amma in na ja baiti ɗaya sai na tsaya ina haki. Akwai waƙoƙin da muka ɗauka kafin in kwanta, furodusa ya matsa a sake su kafin Sallah, wai kada a manta da ni. Wanda ya taɓa shiga irin wannan, don Allah ya ba ni labari.

Injiniya: Allah ya ƙara sauƙi. Ni a sitidiyo nake aiki nan Zoo Road a Kano. Sakin waƙar da aka riga aka ɗauka ba zai ci ƙarfinka ba, aikinmu ne, mu haɗa mu ɗora a Audiomack da YouTube kana kwance. Abin da ke biyo baya shi ne abin tsoro. Wani yaronmu ya tashi daga tiyata, muka saki waƙarsa, ta karɓu. Nan fa waya ta hana shi sakat: biki nan, gala can. Ya karɓi kafin alƙalami ya biya bashin asibiti da shi, ranar wasa ta zo babu halin mayarwa. Haka ya hau dandamali ɗinki bai gama kamewa ba, ya sauko ya koma gado.

Zabiya: Ni maƙogwaro aka yi wa aiki. Likita ya hana ni magana, har raɗa ya hana, ya ce ita ma tana wahalar da murya. A takarda nake rubuta wa yara aike, kuɗin cefane ma sai na nuna da yatsu. Masu zuwa dubiya suna ta kawo min misalin Adele, mawaƙiyar Ingila da aka yi wa aikin murya a Boston ta Amurka a 2011 ta soke wasanninta, ba ta dawo ba sai Fabrairun 2012. To ita faifanta yana ta ciniki tana hutawa. Ni kuwa ranar da ban je gidan biki an yi min liƙi ba, tukunya ba ta hau wuta. 'Yar amshina ce ta riƙe bukukuwan, muna raba abin da aka samu.

Maman Yara: Ƙanina, maganar magani zan yi maka. Maigidana irin ciwonka ya yi. Wata 6 ake sha, watanni 2 na farko magani kala huɗu a haɗe, kuma kyauta ne a cibiyoyin gwamnati. Da ya ji ƙarfi sai ya tafi yawon wasan Sallah har Maraɗi, ya bar ƙwayoyin a kan firij. Tarin ya dawo, aka soma lissafi daga farko, ma'aikaciyar jinya tana ta faɗa kan haka ne ake samun wanda ba ya jin magani. Ni na yi jinyar, furodusan ko leƙe.

Baba Mai Kalangu: Yaro, ni dai na ce a saki. Da na kwanta ciwon ƙoda na yi shiru, sai da aka yi ta'aziyyata a Facebook ina raye, masu kirana buki suka koma wajen wasu. Saki ɗaya, a ji muryarka. Amma wayar ka ba wa wani ya riƙe, wanda bakinsa ba ya nauyin cewa a'a.

Ɗan Amshi: Na gode Baba, na gode Yaya. Yayana zan damƙa wa wayar. Injiniya, furodusa ya nace sai an yi bidiyo, ga shi na rame har wuyan riga na yi min yawa.

Injiniya: Tsohon hotonka ɗaya ya isa, mu ɗora baitocin suna bi a rubuce. Sabuwar ɗauka kuwa, ɗakin murya ƙarami ne, a rufe yake ruf, makirufo ɗaya kowa ke hura wa. Ka fara tambayar likitanka sakamakon gwajin majinar da ake yi a ƙarshen wata na biyu, sannan mu sa rana.