Allurar maniyyi don neman haihuwa: wa ya taɓa yi a Legas?

'Yar Agege: Assalamu alaikum. Mun daɗe da aure, shiru. Likita ta ce mu yi tunanin allurar maniyyi. Maigida ya amince, amma kunya ta hana shi tambayar komai a gabanta. Don Allah wanda ya taɓa yi ya faɗa mana yadda abin yake.

Antin Idi-Araba: Wa alaikumus salam, ƙanwata. Ki fara tambayarta wanne take nufi, don iri biyu ne. Akwai IUI, wanda ni na yi: a wanke maniyyin miji, a tace lafiyayyun, a zura su cikin mahaifa da wani siririn bututu daidai lokacin fitar ƙwai. Ba a sa ni barci ba, 'yar murɗar mara ce kamar ta al'ada, na tashi na hau danfo na koma gida. Wahalar tana kafin ranar: shan Clomid, maganin da ke sa ƙwai ya fita, da zaryar sikanin don a ga girman ƙwan. Sai an yi miki hoton HSG an ga hanyar ƙwai a buɗe take, in ta toshe asarar kuɗi ce. Na farko bai kama ba, kuma likita ya ce galibi haka ne. Daga baya Allah ya ba mu mace.

Ɗan Alaba Rago: Hajiya, ki ce wa maigidan ya cire kunya. Matata ta sha jiƙe-jiƙe da gorin dangina, ashe matsalar tawa ce. Ma'aunin Hukumar Lafiya ta Duniya na 2021 aƙalla ƙwayoyin maniyyi miliyan 16 ne a kowace mililita, nawa ko kusa bai kai ba. Shi ya sa aka ce mana sai iri na biyun, wato ICSI, wanda aka fara a Beljiyam a 1992: a ciro ƙwan mace, a ɗauki ƙwayar maniyyi guda a tsira masa da allura, in ya haɗu a mayar mahaifa. Wannan IVF ne sosai, wato haɗa ƙwai da maniyyi a ɗakin gwaji, kuɗinsa miliyoyi, muna kan tarawa. Sannan kafin gwajin maniyyi zai ƙaurace miki kwana 2 zuwa 7, kuma ya daure ya bayar a can asibitin. Ana so ya isa ɗakin gwaji cikin awa guda, wa zai yi wa gosulon Oshodi wannan alkawari?

Ummu Khairat: Mu malaminmu muka fara samu a Obalende. Ya ce ya halatta matuƙar maniyyin mijinki ne, ƙwanki ne, kuma da aure a tsakaninku. Ki faɗi wannan da bakinki a asibiti, don wata asibitin kuɗi da muka je, na wani namijin suka fara yi mana tayi. Maigida ko zama bai gyara ba, ya ce mu tashi.

Antin Idi-Araba: Na manta, ki sa su rubuta miki kuɗin gaba ɗaya, har magani da sikanin. Ki kuma tambayi batun tagwaye, maganin kan jawo su. Mako biyun da za ki jira kafin gwajin ciki kuwa, ki nemi abin yi, kada ki zauna ke kaɗai.

'Yar Agege: Allah ya saka da alheri. Na duba takardar, IUI ta rubuta, amma shi ko gwaji ba a yi masa ba. A LUTH, asibitin koyarwa na Jami'ar Legas, ana yin gwajin maza, ko sai mun je na kuɗi?