Neman shawara: sabuwar ƙotar bindiga ta ƙi karɓar ƙarfenta

Mai Bin Sawu, Garwa:
Assalamu alaikum iyayena da yayyena na wannan zaure. Ina aiki a wani sansanin farauta da ke yankin kogin Faro, a arewacin Kamaru, kuma ni nake kula da bindigogin maigida. Akwai wata tsohuwar Brno ZKK 602, mai cin harsashin .375 H&H, ita muke riƙewa in za a bi ɓauna. Ƙotarta ta tsage tun daga bayan wutsiyar ƙarfe har cikin wuya, inda hannu yake kamawa. Maigida ya sa an kawo sabuwa daga Turai, ta icen walnot, irin wadda aka fafe aka bar saura.

Ƙarfen yana shiga amma bai zauna ba. In na ɗaure notin gaba sai wutsiya ta ɗaga, in na ɗaure na baya sai in ji bututu yana motsi a ƙarƙashin yatsana. In duka biyun suka ɗauru, sakata, wato ƙarfen da ake ja a ɗana harsashi, sai ta yi tauri. Wani ya ce in cika cikin ƙotar da gam in danna ƙarfen a kai, shi ke nan. Ana buɗe farauta a Disamba. Don Allah masu sani ku agaza.

Ɗan Tasha:
Wa alaikumus salam. Sayi gam fo-minit kwali biyu ka zuba, kafin ka gama shan shayi ta kama.

Baba Mai Gyaran Bindiga:
Ɗan Tasha, Allah ya shirye ka. Yaro, kada ka kusanci gam tukuna. Taurin sakatar nan shi ne ya gaya maka komai: notunan suna lanƙwasa ƙarfen ne, saboda akwai tudu a tsakiya da yake hawa. In ka zuba gam a haka, ka daskarar da karkatar ke nan har abada.

Fara da duba cewa babu harsashi a ciki ko a gidansa. Cire sakata, cire madubin saiti, cire kunama gaba ɗaya. Kunna aci-balbal ko kyandir, ka riƙe ƙasan ƙarfen a kan harshen wutar har ya yi baƙi da hayaƙi. Sa shi cikin ƙota a miƙe, ka ɗan buga da gudumar katako, ka ciro a miƙe. Duk inda baƙi ya fito a jikin icen, nan ne yake tokarewa. Kankare wurin kaɗai, da cizal mai kaifi, ɓawo-ɓawo. Sake shafa hayaƙi, sake gwadawa. Aikin yana cin rai, amma icen da ka cire ba ya dawowa. Ka nemi dogayen notuna biyu marasa kai, masu zare iri ɗaya da na bindigar, ka ɗaura su a jikin ƙarfen, su za su riƙa yi maka jagora ya sauka wuri ɗaya kowane lokaci.

Ka gama ne in rabin kaurin bututu ya nutse cikin ice, kuma ƙarfen ya kwanta ba ya lilo tun kafin a ɗaure komai.

Mai Bin Sawu, Garwa:
Na gode Baba, Allah ya ƙara girma. To me ya tsaga tsohuwar tun farko? Ina tsoron sabuwar ma ta bi ta.

Baba Mai Gyaran Bindiga:
Yawwa, tambayar da ya kamata ka fara da ita ke nan. Leƙa ƙasan ƙarfen daga gaba, inda notin gaba yake shiga, za ka ga wani dunƙule ya sauko kamar haƙori. Aikinsa ya kai shurin bindiga cikin ice. Harsashin .375 mai nauyin giram 19 da ɗoriya yana fita da gudun da ya haura mita 750 a daƙiƙa, duk abin da ya dawo baya kuwa bayan haƙorin nan ya kamata ya sauka. Shekara da shekaru icen da ke bayansa yana shan mai yana shan duka, sai ya lotsa. Da ya lotsa, ƙarfen ya fara ja da baya, wutsiya ta riƙa dukan wuyan ƙota, tana shiga ciki kamar yadda gatari yake faskara ice. Tsagar da ka gani ke nan.

Saboda haka a sabuwar, bayan haƙori ya manne da ƙota ƙam, bayan wutsiya kuwa a bar ɗan sarari, kamar rabin milimita. Su ma notunan kada jikinsu ya taɓa gefen raminsu. In noti ya ɗauki shuri, shi ma tsaga ice yake yi. Irin taku tana da haƙori na biyu a ƙarƙashin bututu, wajen saitin baya. Shi ma sai ya sami mazauninsa, ya raba nauyin da na farko.

Kafinta Yola:
Baba ya gama magana a kan ƙarfe, bari in sa baki a kan ice. Icen da ya baro Turai bai san hunturunmu ba. In ka zauna da shi yanzu ka yi aiki mai kyau, iskar Janairu ta busa shi, zai tsuke, notuna su saki. Rataye shi a ɗaki mai inuwa ya yi makonni ya saba da iskar wurin kafin ka yi zaman ƙarshe. Bayan ka gama kuma, duk inda cizal ya taɓa a ciki ka shafe shi da banish, har ƙarƙashin robar kafaɗa, domin ta kan ice danshin damina yake shiga. Mutane suna goge waje yana ƙyalli su bar ciki tsirara.

Ka duba jijiyar icen a wuya. In ta bi tsawon wuyan, madalla. In ta ratsa shi a karkace, a huda daga ciki a dasa sandar ƙarfe mai zare da gam. Ni da za a tambaye ni ma, da busasshen maɗaci na sassaƙa muku ita.

Baba Mai Gyaran Bindiga:
Malam kafinta, maɗaci yana yi wa bindigar toka da mai baki biyu, ban musa ba. Amma wannan shurin daban ne, kuma walnot ɗin ya riga ya zo. Abin da zan ƙara shi ne noti na kwance guda biyu masu ratsa ƙota daga gefe zuwa gefe, ɗaya a bayan haƙori, ɗaya tsakanin gidan harsashi da kunama, inda icen ya fi siranta. In ƙotar ba ta zo da su ba, a saka.

Injiniya Maraɗi:
Ga yadda ake zuba gam ɗin in lokacinsa ya yi. Fo-minit ba ya cikin lissafi, zai kama kafin ka daidaita ƙarfen. Masu wannan sana'a a Amurka suna amfani da Acraglas ko Devcon mai garin ƙarfe. In ba a samu ba, Araldite mai jinkirin kamawa zai yi, sai dai yana da ruwa, a ƙara masa garin ƙarfe mai laushi, marar mai, har ya daina zuba.

Ka rage ice kamar milimita 2 zuwa 3 a bayan haƙori da ƙarƙashin gaban ƙarfen da ƙarƙashin wutsiya, don gam ya sami kauri. Amma ka bar ɗan tudun ice a wajen wutsiya, ka kuma naɗa salatif a bututu can gaba, su biyun za su riƙe tsayin da ka sha wahala ka samu. Manna salatif a gaban haƙori da gefensa da ƙasansa, ban da bayansa.

Inda mutane suke kuka shi ne wajen rabuwa. Shafe ƙarfen duka da man takalmi Kiwi marar launi, har notuna da zarensu, ka goge, ka sake shafawa. Duk wani rami ko lungu da gam zai iya shiga ya kulle, toshe shi da kakin zuma. Wajen ƙotar ma ka rufe da salatif. In ka sa ƙarfen, kada ka ɗaure notuna da ƙarfi, ka naɗe shi da robar tayar keke ta riƙe shi a hankali. Share abin da ya tumbatso tun yana ɗanye. Ka bar shi awa 24 kafin ka raba su, ka ƙara masa kwanaki kafin harbi. Ka yi aikin da sassafe, zafin Garwa yana sa gam saurin kamawa.

Ɗan Tasha:
To ni na ji an ce dole takardar kuɗi ta wuce tsakanin bututu da ice har ƙarshe.

Injiniya Maraɗi:
Wannan na bindigogin harbin nesa ne. Mai haƙori a jikin bututu ba za ta rabu da ice gaba ɗaya ba. Daga haƙorin zuwa gaba dai a tabbatar ice ba ya tura bututu gefe guda.

Tsohon Ma'aikacin Gandun Daji:
Ɗana, abu biyu. Makullin ZKK, mai hana bindiga tashi, baya ake ja in za a yi harbi, saɓanin yawancin bindigogi, kuma a sabuwar ƙota ice ko gam yana iya tokare shi ko ya taɓa kunama. Bayan ka haɗa, babu harsashi, ka ɗana ta, ka sa makulli, ka ja kunama, ka saki, ka cire makulli, ka buga gindinta a ƙasa. In ta tashi ko sau ɗaya, ba ta shiga daji. Ka gwada kuma harsasai suna hawa daga gidansu sumul, a filin gwaji, baki na kallon tudu. Gaban ɓauna ba wurin gano wannan ba ne.

Na biyu, 'yan'uwa na Najeriya masu karantawa, dokar makamai ta 1959 ta sa gyaran bindiga ma sai da izini. Kai ma ka sa maigidanka ya tambayi hukumar wajenku.

Mai Bin Sawu, Garwa:
Na shafa hayaƙin yau, Baba. Baƙin ya fito a bakin gidan harsashi, ɓangaren hagu, da ƙarƙashin kunama. Na fara kankarewa. Notin kwance guda ɗaya ne a jikinta, na bayan haƙori. In saka na biyun kafin gam ko bayansa?

Baba Mai Gyaran Bindiga:
Kafin gam. Kuma kada ka huda da hannu, kai ta wurin mai injin huda na tsaye, a auna a tabbatar ramin ba zai taɓa kunama ko gidan harsashi ba. In an saka, sake shafa hayaƙi ka turo mana hoton abin da ya fito.